Mai Shiƙa a Bangon Tsoho Dozak

Ranar da Tsoho Dozak ya kankare hoton kasuwar Tamaske da wuƙa, hoto ɗaya ya rage a bangon zaurensa, kuma matata ce a ciki.

Na same shi zaune a kan kifaffen turmi, ya matse hoton tsakanin gwiwoyinsa. Raƙuma da mata masu nono suna zubowa ƙasa gari-gari. Kaji su zo su tsattsaga, su ga ba abin ci ba ne, su koma.

"Muse, ba wannan ne ka ce ya fi duk abin da ka yi kyau ba?"

"Shi ne." Bai ɗago ba. "Amma jiya da yamma na ga haske a kan rumbun Barmo, maƙwabci, kuma ba ni da ƙyalle. Tamaske ta ci kasuwarta. Ta isa."

Da Faransanci muke magana, Muse nake ce masa, yadda ake kiran kowane Nasara. Ya yi shekara da shekaru a Madawa, amma Hausarsa ba ta wuce ta neman ruwa da zagin jaki ba. Ni kuma tafinta ne a bariki har gashina ya yi fari, ina juya ƙaryar Nasara zuwa Hausa, ina juya ƙaryar Hausawa zuwa Faransanci, har aka sallame ni. Danga ɗaya ta raba gidana da nasa.

Bazarar 1943 ce. Yaƙin Turawa ya tsayar da jiragen ruwa, kamyo, babbar motar kaya, ya daina zuwa daga kudu. Babu sukari, babu kananzir, babu yadi. Mata suna ɗinke buhu su ɗaura. Shi kuwa abin da ya dame shi fenti da ƙyallen da ake shafa shi. Fentin ya yi masa dabara: baba daga marina, jar ƙasa daga duwatsun Buza, farar ƙasa, ya kwaɓa da ƙaro, ya haɗa da ɗan abin da ya rage a matsattsun gwangwanayensa. Ƙyalle kuwa babu dabara. Sai ya koma cin hotunansa ɗaya bayan ɗaya, kamar manomin da yunwa ta sa ya buɗe iri. Tafkin Keita ya tafi. Lambunan Tama sun tafi. Wanda ya yi kauri ya kankare, wanda bai yi ba ya shafe da fari ya hau kansa. Sabon da ya yi kuwa ba ya kwana biyu a gidan, Cima mai yi masa tuwo takan kai wa matan bariki ta karɓo ƙwai da kinin.

Yana saurayi a Paris ya bi bayan wasu masu hoto da suka fice daga ɗaki suka koma bakin kogi, wai su haske suke zanawa, ba mutum ba, ba itace ba. Jaridu suka ce mahaukata ne. Kafin duniya ta sake shawara, waɗansunsu sun mutu, waɗansu sun yi arziki. Shi bai yi ko ɗaya ba. Na karanta labarinsu kaf a littattafan da yake ara mini, ban ga sunansa ko a ƙasan shafi ba. Ya biyo ɗansa, likitan shanu, zuwa Adar. Aka mayar da ɗan gida, uban ya ƙi tafiya. Ya ce bai taɓa ganin inda inuwa take da shuɗi irin na nan ba. Mutanen gari suka sa masa Tsoho, suka bar shi da haukansa, tun da ba ya karɓar haraji.

Hoton da ya rage ya yi shi ne wata kaka, ta saman danga. Mace ce tsaye tana shiƙa, ta ɗaga ƙwarya sama, hatsi na zuba, rana ta shiga cikin ƙaiƙayi ta kunna shi. Fuskar ba fuska ba ce, shafa ce ta burushi. Amma yadda ta karkatar da wuya tana kare ido daga iska, mace ɗaya ce take yin haka a duk ƙasar Adar.

Sunanta Dela. A takarda ina iya rubuta shi. Da baki ban taɓa faɗa ba, ko tana raye. Matar fari ce, ta ƙuruciya, kuma a wurinmu namiji ba ya kiran sunan matarsa ta fari. "Ke" nake ce mata, a gaban mutane kuma "mutanen gida". Ba ta taɓa rasa gane wa nake nufi ba.

Ranar da ya fara nuna mini hoton, tana raye, tana bayan danga tana jin mu. Me zan ce? In yabi matata a gaban wani namiji? Na kai hancina kusa, na ce, "Wannan ai kunu ne ya zube."

Shekarar sanƙarau ta tafi da ita. Muna zaman makoki a ƙofar gida, liman yana nan, dattawan unguwa suna nan, sai ga Tsoho da hoton a hammata, ko rufe shi bai yi ba. Ya tsaya a kaina, hawaye na bin gemunsa, ya miƙo.

"Naka ne."

Kowa ya sunkuyar da kai. Liman ya yi gyaran murya. An san abin da malamai suke faɗa game da ɗakin da aka rataye hoto, kuma an san abin da za a ce da namijin da ya rungumi siffar matarsa a bainar jama'a.

"A'a, Muse, na gode. A bar shi."

Ko yaron goye a Madawa ya san abin da ake yi da irin wannan a'a. Ka koma gida, ka bari mutane su watse, ka naɗe abin a tabarma ka ba wata tsohuwa ta shigar ta bayan gida. In an sake cewa a'a, ta ajiye ta fita. Shi sai ya dube ni kamar na mare shi, ya mayar da hoton hammata, ya je ya kafa ƙusa a zaurensa. Mutumin da yake ganin launi bakwai a inuwar tulu, bai ga wannan ba.

Tun daga nan nake zuwa aron littafi kowace la'asar. Na karanta duk abin da ke cikin akwatinsa, na sake, har da wani a kan kiwon zuma. Wurin zamana ɗaya ne, dama da ƙofa, inda in na ɗaga ido daga shafi bangon yake gabana.

Hoton rumbun Barmo bai daɗe ba. Cima ta kai shi bariki. Washegari na tarar da Tsoho yana kallon bangon, ya dogara da sanda. Tarin da ya kama shi tun sanyi ya fara fitar da jini.

"Saura wancan," ya ce.

Na buɗe littafi.

"Ka ji ni, Surajo?"

"Na ji."

"Ba ka da abin cewa?"

"Hotonka ne, Muse."

"Ka san ko wace ce a ciki?"

"Wata mata ce tana shiƙa."

Ya buga sanda a ƙasa. "Ku da dutse aka yi ku? Shekara nawa kuka yi tare? Ko sunanta ban taɓa ji a bakinka ba. Ko sau ɗaya!"

"Ba a faɗa."

"Don me?"

"Don ba a faɗa."

"Ni matata Odil ta bar ni tun ina da gashi a ka, ta bi wani mai sayar da katako, amma har yau in na tashi da safe sai na kira ta."

"Ta amsa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Cima ta leƙo da ludayi a hannu.

"Tafinta, in kashe shi za ka yi, ka bari in sauke tukunya. Mi kaka hwaɗa mishi?"

"Maganar mata muke."

"Ku biyu? To Allah shi kyauta."

Na koma gida na buɗe adaka. A can ƙasa akwai farin alawayyo mai kyau, wanda na saya wurin fataken Kano kafin yaƙi. Turmi guda ne, na raba shi biyu ranar da aka yi wa Dela sutura. Rabi ya tafi da ita. Rabin nawa ne, a ninke, da ɗan turaren wuta a tsakiya don asu. A shekarar nan akwai waɗanda aka binne a tabarma don an rasa yadi. Na san haka. Na kakkaɓe shi, na sake ninkewa.

Lissafina mai sauƙi ne. Mutum yana neman ƙyalle, ga ƙyalle, wanda zai ishe shi har ya gaji da haske. Ba sai na roƙi kome ba, ba sai ya tambaye ni kome ba.

Da safe na shiga na ajiye a gefen tabarmarsa.

"Ga wannan. Na ga kana bukata."

Ban tsaya ba. Ba a tsayawa a kan kyauta ana jiran godiya. Ina fita na ji yana kiran Cima.

Bai yi mini maganar yadin ba da na dawo da la'asar, ni ma ban yi ba. Ya dai riƙe hannuna ya daɗe, abin da bai saba ba, ya ce, "Gobe da hantsi ka zo ka zauna mini. Kai zan yi."

Da wani ne ya ce haka da na zage shi. Amma na ga kamar kuɗin fansa ne, kuma bai yi tsada ba.

Ƙafafunsa sun daina kai shi zaure. Cima ta jawo gadonsa bakin ƙofar ɗaki, ta kafa masa itacen nan mai ƙafa uku da yake ɗora ƙyalle a kai, a cikin inuwa. Ni aka sa ni can ƙarƙashin kurna, a tsakar gida, inda rana take ratsa ganye. Daga nan ba na hango kome a ɗakin sai duhu da farin gemu. Karatu ya cinye mini ido. Shi kuma tun can ba ya yarda a ga aikinsa sai ya gama.

Da na wuce ta zaure na ga ƙusa ita kaɗai.

"Cima, ina hoton da ke nan?"

"Yana ciki. Shi ya ce a kai mishi."

Hankalina ya kwanta. Na ce a raina, mara lafiya yana son abin kallo kusa da gado. Har na ji tausayinsa.

Haka muka yi ta yi kowace safiya, har zafi ya kai inda kaji suke buɗe baki.

"Kada ka motsa."

"Ƙuda ne."

"Bar shi. Shi ma yana da launi."

"In ka sa mini ƙuda a hoto, kumandan zai ji."

"Rufe baki. A'a, ba haka ba. Yadda ka saba rufe shi. Yauwa."

Wani lokaci burushi ya faɗi, Cima ta ɗauko ta ɗaura masa a yatsu da tsumma. Wani lokaci ya yi shiru har in zaci ya tafi, sai in ji, "Kunnenka kore ne, maƙwabci, ka sani?" In ce na sani, uwata ma haka ta ce.

Wata safiya Cima ta tare ni a zaure, ta hana ni wucewa.

"Yau babu zama. Ya ce ya gama." Ta rage murya. "Lokotoro, likitan bariki, ya zo jiya. Bai ce kome ba gaban Tsoho, amma na ga yadda ya ɗaure jakka tai. Ba ya ganin damana, Tafinta. Kuma in ya tahi, mutanen bariki za su zo su kwashe kome su buga ma ɗaki kwado. Haka anka yi ma wancan na gidan waya. In littattahwan nan kaka so, ka buɗe baki yau. Baki dai Allah ya ba ka har biyu, na Hausa da na Nasara."

Littattafai. Shekarun nan duka, ita ma abin da ta gani ke nan.

Na tsaya a zauren ina kallon ƙusa. A raina na hango gardin bariki ya ɗauki Dela ya jefa a bayan kamyo tare da tukwane. Sai na shirya maganar. Na gwada ta da Faransanci, na gwada ta da Hausa, na zaɓi mafi gajarta. Ba liman, ba dattawa, mutum ɗaya ne kuma yana mutuwa, ba zai kai labarina ko'ina ba. Na tuɓe takalmi na shiga.

Ɗakin yana warin ƙaro da ciwo. Ya ƙanƙance a kan gado kamar an wanke shi ya shige. Itacen mai ƙafa uku yana gefe, an juya shi bango. Na duba bangon gabas, na duba na yamma. Babu kome.

A wajen kansa, a kan akwatin littattafai, ga alawayyona a ninke yadda na kawo shi. Ko almakashi bai taɓa shi ba.

Ya ga inda nake kallo. Ya miƙa hannu ya shafa yadin.

"Cima ta gaya mini ko mene ne. Da ta ji ƙanshin ta gane." Numfashinsa yana fita da ƙara. "Lokotoro yana yi mini ƙarya, kumandan yana aiko da gaisuwa. Kai kaɗai ka gaya mini gaskiya, kuma ko kalma ba ka ɓata ba. Naka ka ba ni, Surajo. A shekarar da babu. Na ce kai dutse ne. Ka yafe mini."

Na juya na kalli itacen mai ƙafa uku.

"To a kan me ka yi ni?"

"A kan wancan. Ba ka taɓa sonsa ba." Ya yi murmushi. "Kunu ka ce. Ban manta ba. Ba ni da abin da zan ba ka sai wannan. Juya shi."

Na juya shi.

"Ja da baya. Kullum kusa kake tsayawa, kamar littafi ne."

Na ja har bakin ƙofa. Shafe-shafen suka taru suka zama wani tsoho zaune a ƙarƙashin kurna, rana ta yayyafa masa tabo a riga. Kunnensa kore ne. Ya matse leɓe kamar an ɗinke. Inda take tsaye, nan ya dasa ni, babbar rigata ta cika ƙyallen daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma ya yi kama. Duk wanda ya taɓa ganina a bariki zai ce ga Tafinta nan. A rayuwarsa bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba, har da Tamaske.

"Yaya ka gani?"

Yana kallona kamar yaron makarantar lakwal da ya miƙa allo. Maganar da na shirya tana nan a maƙogwarona, ba ta da sauran wurin zuwa. In na faɗe ta, da ita zai shiga kabari.

"Hancin ya yi tsawo," na ce.

Ya yi dariya ba sauti, ƙirjinsa na tsalle. "Hancinka ne. Ba ni na yi shi ba."

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya ce in karanta masa wani abu, ko mene ne. Na jawo na kiwon zuma, don shi ne a sama. Ina cikin babin yadda ake raba amya ya kira Odil, ya sake kira, sannan ya ce Cima ta ɗaga labule, wai inuwar danga ta fara canzawa. Ta ɗaga. Ya kalla. Kafin kiran la'asar, Tsoho ya cika.

Bariki ta aiko da akwati, an haɗa shi da katakon akwatunan sabulu, rubutun yana jiki. Ni da Cima muka naɗe shi a yadin kafin su iso. Ya ishe shi har ya yi saura, don ya fi ni ƙanƙanta. An binne shi a bayan bariki, inda suke ajiye nasu. Kumandan ya karanta wani abu a tsaye, ya faɗi sunansa ba daidai ba. Ban gyara masa ba, an sallame ni daga wannan aikin.

Da na dawo na tarar da Cima a ƙofar gidana da abu naɗe a tabarma.

"Ya ce in kawo maka kahin su sa kwado."

"A'a, Cima, a bar..."

"Ya ce in ka ce a'a in maida." Ta jingina shi da bango. "Ni ba Nasara ba ce. Matsa in wuce."

Yana zaurena yanzu. Ban rataye shi ba, a ƙasa yake, kuma liman in ya zo yakan zauna ya ba shi baya, ba ma maganar. Damina ta zo ta wuce. Ƙaro ba ya son laima, na yi zaton zai ɓare, na zuba ido. Bai ɓare ba. Tsoho ya iya kwaɓi.

Wata yamma rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a ƙasan hoton, sai na ga wani wuri can a kusurwa, ƙarƙashin bakin rigata, inda sabon fentin bai kai ba. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Na durƙusa. Dunduniya ce ta mace, ba takalmi, ta ɗan ɗaga daga ƙasa, da sauran lalle a gefenta.

Na tambayi Cima a kasuwa ko ya ce wani abu a kan wurin. Ta ce ita ba ta san kome ba, ta dai san farar ƙasa ta ƙare musu a ranar ƙarshe.

Da la'asar nakan jawo buzu in zauna dama da ƙofa, in jira rana ta sauko ta kai kusurwar. Ba ta daɗewa. Tsohon nan na sama yana kallona da bakinsa a ɗinke, ni kuma ina kallon ƙasa da shi. Maganar tana nan yadda na shirya ta a zauren Tsoho, ko harafi ban sauya ba.

Dela ce, maƙwabci. Ba ni ita.